Yadda Za Ka Tallafi Yaro a Ƙaramar Sakandare Idan Kuna Zaune a Ƙauye

Duk shekara idan aka dawo daga dogon hutu, daidai lokacin da gero ya nuna ana shirin girbi, sai a kawo mana sababbin 'yan aji ɗaya. Kayan makaranta sababbi fil, wandon wasu har jan ƙasa yake yi, don tela ya bar wurin girma. Na daɗe ina koyarwa a ƙananan sakandaren karkara, kuma abin da nake fara yi bai taɓa canjawa ba. Nakan rubuta jimla huɗu da Hausa a allo, in riƙa kiran su ɗaya bayan ɗaya. Wasu su zubo karatun tiryan-tiryan. Wasu su yi ta kokawa da baƙi da wasali, kafin su kai ƙarshen jimla sun manta farkonta. Wasu kuma su ƙura wa allon ido, su sunkuyar da kai. Dukkansu sun gama aji shida, kuma dukkansu kaya iri ɗaya za a ɗora musu.

Manhaja ba ta san da wannan bambanci ba. An tsara ta ne bisa zaton duk wanda ya shigo ya iya karatu da Turanci, ya iya sau da rabawa. Malami kuma an ba shi jadawalin abin da zai koyar mako-mako, idan masu duba makarantu suka zo, abin da suka fi dubawa shi ne ko ya kai inda ya kamata. Shi ya sa yaro zai iya shekara uku yana kwafar abin da ke allo da rubutu mai kyau, bai san me yake rubutawa ba, kuma babu wanda ya lura sai ranar da sakamako ya fito. Gyaran ba daga ajin da yaro yake ake fara shi ba, daga inda karatunsa ya tsaya ake farawa. Wannan aiki uba zai iya yi, uwa za ta iya, yaya ko kawu ma haka, ko da mutum bai yi boko mai zurfi ba.

Abin da aka ɗora wa yaron

Tun 1982 aka fara tsarin shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, huɗu a jami'a. A 1999 aka ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato, doka ta biyo baya a 2004, wadda ta haɗe firamare da ƙaramar sakandare suka zama shekara tara na ilimin tushe, kyauta kuma dole. Hukumar NERDC ce ke tsara manhajar. Wadda aka fara aiki da ita a 2014 ta dunƙule darussa zuwa goma, amma dunƙulewar ta suna ce: a cikin darasi ɗaya za ka tarar da kimiyya da fasaha da kwamfuta da motsa jiki, a wani kuma noma da tattalin gida. A 2025 ma'aikatar ilimi ta tarayya ta sanar da sabon tsari, inda ɗalibin ƙaramar sakandare zai ɗauki darussa 12 zuwa 14, tarihin Najeriya ya zama dole, kuma kowa zai zaɓi sana'a ɗaya cikin shida: haɗa sola, ɗinki, kiwo, kwalliya, gyaran waya da kwamfuta, ko noma da lambu. Sanarwa daban, isowarta ƙauye daban, don haka sai ka tambayi makarantarku wanne suke bi a ajin ɗanka.

Kada yawan darussan ya tsorata ka. Kusan dukkansu a kan ƙafa biyu suke tsaye, karatu da lissafi. In ka cire Hausa da Larabci da Faransanci inda ake yin sa, sauran duk da Turanci aka rubuta littattafansu, da shi kuma ake jarrabawa. Yaron da ya faɗi a darasin noma alhali tun yana shekara bakwai yake riƙe da fartanya, ba noma ne bai sani ba. Tambayar ce bai iya karantawa ba.

Mataki na farko: gwada shi da kanka, ba tare da tsawa ba

Ka zaɓi lokacin da gida ya yi shiru, bayan la'asar ko bayan isha'i, kuma kada ƙannensa su kewaye shi. Yaro ɗan shekara goma sha biyu ya fi tsoron dariyar ƙannensa a kan bulala. In ba ka iya boko ba, ka nemi wani ɗan babbar sakandare ko malamin Islamiyya mai haƙuri ya yi gwajin, kai kana zaune a gefe.

A samu takarda a rubuta abu biyar, kowanne a layinsa: baƙaƙe goma a warwatse, ba a jere ba, don wanda ya haddace waƙar abacada zai rera ta ko idonsa a rufe, sai gaɓoɓi irin su ba, ki, ɗu, tsa, ƙwa, sai kalmomi goma na yau da kullum kamar rijiya, tunkiya, kasuwa, sai jimla huɗu gajeru, sai ɗan labari mai layi bakwai ko takwas. A fara masa daga jimlolin. In ya wuce lafiya a ba shi labarin, sannan a rufe takardar a tambaye shi wa ya yi me, me ya sa. In ya kasa jimlolin a sauko kan kalmomi, in ya kasa a sauko kan gaɓoɓi, har a samu inda ƙafarsa ta taka ƙasa. Nan ne ajinsa na gaskiya. Washegari a maimaita da Turanci, da littafin aji uku na firamare in an samu.

Lissafi ma haka. A ce ya karanta 47, 305, 2,016. A ba shi 52 a ɗebe 27, don a ga ko ya iya aro. A ba shi 7 sau 8, sannan 84 a raba gida 6. Wanda ya tsaya yana zana sanduna hamsin da shida a gefen takarda yana ƙirgawa, ba daƙiƙi ba ne, ya gane ma'anar sau, haddar ce babu. Wannan gyaransa mai sauƙi ne.

Wannan hanya ba ni na ƙirƙiro ta ba. Daga Indiya ta samo asali, inda ake raba yara bisa abin da suka iya maimakon ajinsu, kuma an gwada ta a firamaren ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa a shirin KaLMA na bunƙasa karatu da lissafi. Abin da ya rage shi ne ka rubuta ranar gwajin da inda ya tsaya, ka adana takardar. Bayan wata biyu za ka sake.

Mataki na biyu: ka je makarantar tun ba a kira ka ba

Yawancin iyaye sau biyu muke ganin su: ranar da suka kawo yaro da ranar da aka yi faɗa. Ka je a mako na biyu ko na uku na zango, ka gaisa da shugaban makaranta, ka nemi malamin ajin ɗanka, wanda yara ke kira fom masta. Shi ke riƙe da rajistar kiran suna, shi ke haɗa sakamako. Ba sai ka yi dogon bayani ba. "Malam, ga ɗanka nan na kawo amana. Na gwada shi a gida, Hausa yana karantawa amma Turancin da saura. Me za mu riƙa yi masa da dare?" Malamin da aka yi wa irin wannan magana ba ya manta fuskar yaron, ko da ɗalibai tamanin ne a ajin.

Abu uku za ka nema. Jadawalin darussa na mako, ka kwafa ka manna a bangon ɗaki. Jerin abin da za a koyar a zangon a Turanci da lissafi, wanda kowane malami yake da shi, in kana da waya ka ɗauki hotonsa. Sannan ka tambaya a fili: wane darasi ne babu malaminsa? A karkara wannan ba abin mamaki ba ne, sau da yawa malamin lissafi ko na kimiyya ɗaya ne ga makaranta gaba ɗaya, ko babu. In ka sani da wuri, sai a kai maganar gaban kwamitin al'umma mai kula da makaranta, wato SBMC, inda mai unguwa da liman da wakilan iyaye mata suke, a nemi wani ɗan gari mai NCE da ke zaune ba aiki ya riƙa taimakawa ana ba shi ɗan abin sabulu, kafin a rubuta wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. Ka karɓi lambar wayar malamin. Kada ka kira shi tsakar dare.

Mataki na uku: Hausa tukuna, sannan Turanci

A nan nake samun saɓani da iyaye. Uba zai ce, "Malam, Hausa ai a gida yake jin ta, Turanci muka kawo shi ya koya." Gaskiya ne, amma karatu sau ɗaya ake koyon sa. Wanda bai gane cewa baƙi da wasali ke haɗuwa su ba da sauti ba, ka ba shi Turanci ka haɗa masa wahala biyu, ga rashin sanin haɗa baƙi, ga rashin sanin ma'ana. Rubutun Hausa kuwa ba ya yaudara, yadda aka rubuta haka ake faɗa. Yaro ɗan sha biyu da aka zauna da shi rabin awa kullum, ni dai a abin da na gani, zango ɗaya kan ishe shi ya tashi daga gaɓoɓi zuwa karanta labari. Wanda ya yi makarantar allo ma ya fi saurin kamawa, don ya riga ya san babbaƙu da farfaru. Ka ce masa wannan ma haka ne, sai dai daga hagu ake farawa, kuma wasalin a gefe yake zama ba a sama ko ƙasa ba.

Yadda za a yi: baƙi biyu ko uku a rana, a haɗa su da wasulan nan biyar, a gina kalmomi da su, a yi masa shifta ya rubuta. In ya fara haɗa jimla, a ba shi duk abin da aka samu, littafin labari, takardar wa'azi, saƙon waya da yayansa ya turo daga Legas. Ya karanta wa mahaifiyarsa da ƙarfi tana tankaɗe. Ita ba sai ta iya karatu ba, kunnenta zai gaya mata in maganar ba ta yi ma'ana ba, ta ce, "A'a, sake dai, wannan ba Hausa ba ce."

In aka zo Turanci, akwai wuraren da ɗan Bahaushe ke tuntuɓe, kuma an san su. Babu p da v a bakinmu, sai ya mayar da su f da b. Baƙin c da ya saba karantawa kamar a "ciki", a Turanci wani lokaci k ne, wani lokaci s. Baƙaƙe biyu ko uku a jere ba wasali a tsakani suna yi masa nauyi, sai ya cusa wasali. Wasulan Turanci kuma ba su da alƙawari, wasalin a shi kaɗai yana iya fita da sauti uku. A gaya masa wannan a fili, kada ya zaci shi ne ba shi da kai.

Sai a yanka littafin rubutu gida biyu a yi masa ƙamus na kansa. Kalma biyar a rana, daga cikin darasin da aka yi ranar, ba daga sama ba, kowacce da ma'anarta da Hausa da jimla ɗaya. Kalmomin da za a fara da su su ne na umarnin jarrabawa: list, define, state, explain, mention, draw, differentiate, underline. Na sha ganin yarinya ta san amsa sarai, an ce ta bambanta abu biyu, ita kuma ta jero su kawai, maki ya tafi. Kalmomin nan ba su kai ashirin ba, amma suna cikin kowace takardar jarrabawa daga aji ɗaya har WAEC.

Mataki na huɗu: lissafin da ya riga ya sani

Yaron da ke sayar da rake a tasha ba a cutarsa a canji. Yarinyar da ke tallan awara ta san uwar kuɗi ta san riba. Amma a aji sai su zama kurame, saboda babu wanda ya gaya musu lissafin allo da na kasuwa abu ɗaya ne.

Ka fara da haddar sau, daga biyu zuwa sha biyu, gida ɗaya a mako, a hanyar gona ko wajen ɗebo ruwa, a riƙa tambaya a tsallake ba a jere ba. Ba tare da ita ba, duk abin da ke aji ɗaya zai gagara, domin a nan ake neman lambar da ke raba lambobi biyu da wadda suke haɗuwa a kanta, ake kuma tara ɓangarori. Ɓangarorin nan su ne ramin da yawancin yara ke faɗawa, alhali muna da su a gida. Buhu kwano arba'in ne: rabinsa nawa, kwatansa nawa, in an ɗebi kwano takwas kashi nawa aka ɗeba cikin biyar? Wanda ke zuwa Islamiyya ya ji sulusi da rubu'i da sudusi da sumuni a babin gado. Ka tambaye shi, tsakanin mai sudusi da mai sumuni wa ya fi samu? Da yawa za su ce mai sumuni, don takwas ta fi shida. Ka kawo rake biyu masu tsawo ɗaya, a yanka ɗaya gida shida, ɗaya gida takwas, ya gani da idonsa. Ba zai sake mantawa ba.

A aji biyu za a matsa kan kaso cikin ɗari da lambobin da ke ƙasa da sifili. Zakka ta gama maka aikin farko: amfanin damina ɗaya cikin goma, wato kashi 10 cikin ɗari, na noman rani da aka sha wahalar ban ruwa ɗaya cikin ashirin, kashi 5, kuɗi ɗaya cikin arba'in, kashi biyu da rabi. Ranar da za ka fitar da zakkar dawa, shi za ka sa ya yi lissafin damman. Lambar ƙasa da sifili kuwa bashi ce. Kana da naira 300, mai shago yana bin ka 500, ina ka tsaya? Haruffan da ake sakawa cikin lissafi, waɗanda ke sa yara su ce an haɗa Turanci da lissafi don mugunta, ba komai ba ne illa "wani abu da ba a faɗa ba". Na sayi kaji uku kuɗi ɗaya, na biya ɗan acaɓa 500, duka na kashe 9,500, nawa kowace kaza? Zai ba ka amsa da ka. Sai ka nuna masa yadda ake rubuta abin da kansa ya riga ya yi.

Mataki na biyar: zaman dare da duba littafi

Minti arba'in zuwa awa ɗaya ya isa, amma kullum, a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya. Fitila mai sola ƙarama ta fi tocilan ɗin waya, don waya tana da abin da ke janye hankali. In gidaje uku ko huɗu suka haɗa yaransu a zaure ɗaya da wani babba a kansu, ya fi armashi, sai dai kada su wuce shida, in ba haka ba ya koma dandali. A raba su bisa gwajin nan na farko, ba bisa aji ba. Alhamis da Juma'a da babu makarantar allo, a nan za a ƙara lokaci.

Kowace Juma'a ka ce a kawo maka littattafan rubutu. Ko ba ka karanta Turanci, za ka iya ganin kwanan wata, ka ga ko akwai jan biro na malami, ka ga shafukan da aka bari fayau. Darasin da aka yi mako uku ba a rubuta komai ba, ko dai malami ba ya shiga, ko yaro ba ya zama. Sannan ka sa yatsa a kan wani shafi ka ce, "Gaya min da Hausa me aka ce a nan." Wannan tambaya ɗaya ta fi kuɗin lesin amfani. In ya iya mayar da shi Hausa ya gane, in ya karanto maka Turancin kamar aku, hadda ce.

Littafin bugu ya yi tsada, na sani. In ɗaya za ka iya saya, sayi na Turanci, in biyu ka ƙara na lissafi. Sauran a nemi na waɗanda suka wuce ajin, ko gida biyu su haɗa.

Gona da kasuwa

Ba zan ce kada yaro ya je gona ba, ni ma da kuɗin gyaɗa aka yi min kayan makaranta. Amma a dubi yadda abin yake cin karo. Zangon farko, Satumba zuwa Disamba, shi ne kaka: gero, gyaɗa, riɗi, wake, dawa. Shi ne kuma zangon da ake aza harsashin kowane aji. Zango na uku yana faɗawa kan shuka da noman farko, ga jarrabawar canjin aji. A wuraren noman rani irin su Kura da Kadawa da Auyo, zango na biyu ma bai tsira ba, ga tumatir ga alkama ga korar tsuntsu a shinkafa. Ƙara da ranar kasuwa: garuruwan da ke kewaye da Maigatari ajinsu kan rame ranar Alhamis, na kusa da Wudil ranar Juma'a. Yaron da ke rasa rana ɗaya kowane mako ya rasa kashi ɗaya cikin biyar na karatunsa, kuma tunda jadawali ba ya canjawa, darussa iri ɗaya yake rasawa kullum.

Abin da ya fi sauƙi shi ne a tara aikin da ke buƙatar yara a Asabar da Lahadi da yamma. In dole ta sa sai ya yi fashi, a sanar da malami tun kafin ranar, a tambaya ko akwai gwaji a makon, kuma ya kwafi abin da ya wuce shi kafin ya kwanta.

In an yi duk wannan abin bai motsa ba

Akwai wani yaro da na yi zango guda ina yi wa kallon malalaci. Dogo ne, don haka a baya yake zama, rubutunsa kullum a karkace, rabin kalmomin babu. Na yi masa faɗa, na sa shi tsallen kwaɗo, har na rubuta a katinsa cewa ba ya mai da hankali. Wata rana na aike shi ya karanto min sanarwa a jikin ofis, sai na hango shi ya kai hancinsa har yana taɓa takardar. Allon ne ba ya gani, kuma shi bai san sauran suna gani fiye da haka ba. Har yau in na tuna tsallen kwaɗon nan sai na ji kunya.

Don haka kafin a ce yaro ba shi da ƙwaƙwalwa, a rubuta baƙaƙe a bango, ya tsaya taku shida, ya rufe ido ɗaya ya karanta, ya sake da ɗayan. A yi masa magana ƙasa-ƙasa daga bayansa a ga ko yana ji, musamman wanda kunnensa ya taɓa zubar da ruwa ko ya yi sanƙarau. A tambaye shi ko yana ganin jini a fitsari, don tsargiya ta yi yawa a garuruwan da yara ke wanka a kanal da kududdufi, tana tsotse jini ta bar yaro da kasala, maganinta kuma yana asibiti. Mai sikila a gaya wa malami, kada a sa shi aikin ƙarfi ko a hana shi shan ruwa. Sai yunwa: wanda ya taka kilomita huɗu ba ko koko a cikinsa, ƙarfe goma ta yi masa a duniyar barci.

Akwai kuma yaron da idonsa lafiya, kunnensa lafiya, bakinsa da wayo, amma baƙaƙe na rikice masa, b ta zama d, ya karanta kalma yau gobe ta ɓace. Wannan halitta ce, ba iskanci ba ne, ba kuma aljanu ba. Yana buƙatar a tafi da shi a hankali, ya riƙa zana baƙin a ƙasa da yatsa yana faɗin sautinsa, a karanta masa darasi ya saurara, a roƙi malami ya riƙa yi masa wasu tambayoyin da baki. Duka ba ya ƙara masa komai sai ƙin makaranta.

'Ya mace tana da nata ƙarin. A shekarun nan ne take fara al'ada, kuma makarantar da ba ta da banɗaki mai ƙofa da ruwa, yarinya za ta riƙa ɓacewa kwana uku ko huɗu duk wata ba ta gaya wa kowa dalili ba. Wannan maganar uwa ce da malama, a tanadar mata ƙyalle mai tsabta ko audugar mata tun kafin ranar ta zo. A duba kuma aikin gida: in ita ce wanke-wanke, ita ce ɗebo ruwa, ita ce talla, ita ce raino, to zaman daren nan gyangyaɗi za ta yi. Kano da Jigawa duk suna cikin shirin AGILE na tallafa wa karatun 'yan mata, ka tambayi shugaban makaranta ko taku tana ciki da abin da ake bayarwa. In hanya da nisa ko ta ratsa daji, a haɗa su rukuni, tafiya tare dawowa tare.

Katin sakamako

Kowa idonsa kan "na nawa ya zo". Wannan shi ne abu mafi ƙarancin amfani a katin. Na biyar a ajin da kowa ya faɗi ba abin yanka kaza ba ne. Ka dubi makin Turanci da na lissafi su kaɗai tukuna, ka kwatanta da na zangon baya. Sannan ka dubi rabe-raben makin: akwai na gwaje-gwajen cikin zango, wanda ake kira C.A., yawanci 30 ko 40, sauran na jarrabawa. In na cikin zango ya yi ƙasa ƙwarai, fashi ne ko rashin yin aikin gida. In na cikin zango ya cika taf amma na jarrabawa ya zube, to ana kwafa ne a wajen aboki, ko malami yana rabon maki don tausayi. A ƙasa akwai adadin kwanakin da aka buɗe makaranta da waɗanda ya halarta. Iyaye da yawa a nan suke gano cewa yaron da ke fita kullum da safe ba makaranta yake ƙarasawa ba.

In ya gama aji ɗaya har yanzu bai iya karanta jimla ba, ni ra'ayina a zauna da shugaban makaranta a duba yiwuwar ya maimaita, da sharaɗin za a yi aikin mataki na uku da gaske. Maimaitawa ba tare da canja komai ba ɓata shekara ce.

Aji uku

A zango na uku na aji uku ake rubuta jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, wato BECE. A Kano sashen KERD na ma'aikatar ilimi ne ke shirya ta jiha, hukumar NECO ma tana da tata. Tambayoyin suna ɗebowa tun daga aji ɗaya, shi ya sa ba a ba mai ƙosai littattafan aji ɗaya da na biyu ta naɗe kaya da su. Ba a fafe gora ranar tafiya: tun zangon farko a nemi tambayoyin shekarun baya a wajen malamai, a riƙa yin takarda ɗaya duk Asabar, da agogo a gaba, kuma a koya masa cike takardar zaɓin amsa da fensir, don akwai wanda ranar jarrabawa ce farkon ganinsa da ita. In wani ya ce a kawo kuɗi za a "taimaka" wa yara a ɗakin jarrabawa, ka riƙe kuɗinka. Wanda aka rubuta wa amsa a aji uku, a aji biyar zai haɗu da jarrabawar tantancewa, wadda a Kano da ita gwamnati ke zaɓar waɗanda za ta biya wa kuɗin NECO.

A wannan shekarar ce kuma ake zaɓar hanya. Mai ƙarfi a lissafi da kimiyya a nema masa fom ɗin makarantun kimiyya, waɗanda ke da tasu jarrabawar shiga: Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, da aka buɗe tun 1977, ko ta 'yan mata a Garko, a Jigawa akwai Kafin Hausa da Lautai a Gumel, da na 'yan mata a Taura da Jahun. Fom ɗin ba ya daɗewa, kuma labarinsa kan iso ƙauye a makare, don haka tun zango na biyu ka fara tambayar shugaban makaranta. Wanda hannunsa ya fi bakinsa, mai kwance rediyo ya mayar, kwalejin fasaha ba ƙasƙanci ba ce, tana da jarrabawarta ta NABTEB kuma ana wucewa gaba da ita. Mai ƙarfi a Larabci da addini akwai makarantun da suka haɗa su da boko. A tambayi yaron shi ma, a ji ta bakinsa.

Ranar da za a cike fom ɗin jarrabawa, ka je da kanka ko ka aika wanda ya iya karatu. A duba yadda aka rubuta sunan, baƙi bayan baƙi, da ranar haihuwa, su dace da takardar haihuwa da ta firamare da lambar NIN in yana da ita. Muhammad a nan, Mohammed a can, ko sunan gari a wata takarda sunan kaka a wata, shi ke sa mutum yawon kotu neman takardar rantsuwa bayan shekara shida. In takardar sakamako ta fito, a yi mata hoto biyu, a sa ta asalin a leda, a saka cikin gwangwani mai murfi, a ɗora a sama inda gara da ɗigon damina ba sa kaiwa.